Yadda Ake Shafa wa Tsofaffin Kwabban Tagulla Kakin Kariya, Mataki-Mataki

Masu tara tsofaffin kuɗi sun sha yi mini tambaya guda, kuma ta fi yawa idan damina ta kankama: wane kaki ake shafa wa kwabon tagulla don kada ya yi kore, kuma yaya ake shafa shi? Wani gwangwanin kwabbai ya gada a ɗakin kakarsa, wani anini ya samo a wurin masu sayar da kayan da a Kasuwar Kurmi, wani kuwa kuɗin Rumawa ya yi oda daga waje da tsadarsa. Tsoronsu ɗaya ne, kada wata rana su buɗe ma'aji su tarar tsatsa ta cinye rubutun.

Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, kaki rufi ne, ba ya warkar da komai. Yana tare gumin hannu da ƙura, yana rage wa danshin iska hanya, amma duk abin da ya tarar a jikin kwabo, gishiri ne ko laima ko dauɗa, rufe shi zai yi a ciki, ɓarna ta ci gaba a inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa a matakan da ke tafe shafa kakin ne mafi gajarta. Yawancin aikin yana gabansa.

Kayan aiki da abin da za su ci

Kakin da gidajen tarihi da masu tara kuɗi suka fi sani shi ne Renaissance Wax. An haɗa shi a ɗakin bincike na gidan tarihin Birtaniya da ke Landan a shekarun 1950, kamfanin Picreator ne ke yin sa. Daga ɗanyen mai ake tace shi, ba shi da tsami, ba ya rawaya idan ya daɗe, kuma an kwaɓa shi da sinadarin da ke tashi a iska ya bar kakin a daskare. Akwai gwangwani mai mililita 65 da mai 200. Ƙaramin yakan kama tsakanin dalar Amurka 15 zuwa 25 a kasuwannin intanet kafin kuɗin dako, kuma shi ne abu mafi tsada a cikin kayan. Kada ka sayi babban. Ƙaramin ya ishi ɗaruruwan kwabbai, kuma a zafin ƙasarmu babban zai bushe a gwangwani kafin ka ci rabinsa. Idan kuna da yawa, ku haɗa kuɗi ku sayi guda.

Sauran kayan duk ana samunsu a gida da araha: asiton tsantsa daga shagon sinadarai ko na kayan asibiti, tataccen ruwa (wanda aka tafasa aka tara tururinsa, irin na zubawa a batir), wayit sifirit irin na masu fenti, tsinken sakace na itace ko na gora, tsinken auduga na goge kunne, buroshi mai laushi guda biyu, tsohon ƙyallen auduga fari da ya sha wanki har ya yi laushi, safar hannu ta naitiril, ƙananan kwalaben gilashi masu murfi, ɗan maganaɗisu, madubin ƙara girma mai ninki 10, da ƙwayoyin silika masu shan danshi, irin waɗanda ake samu a ƙunshe cikin kwalin takalmi.

Hattara: kada ka musanya kakin da abin da ke kusa da hannu. Kakin zuma yana da tsamin kitse a cikinsa, idan ya daɗe a kan jan ƙarfe yakan haifar da wani kore mai maiƙo, ga shi da danƙo yana kama ƙura. Man goge takalmi yana da rini da turare. Basilin da man kaɗanya da man gyaɗa ba sa bushewa. Man zaitun da wasu ke jiƙa kuɗin Rumawa a ciki yana da tsami, yana baƙanta kwabo, kuma yakan shige cikin ƙananan ramuka ya ƙi fita.

1. Tabbatar tagulla ce a hannunka

Tagullar kuɗi yawancinta jan ƙarfe ne aka gauraya da ɗan kuza da tutiya. Kwabon Ingila na 1860, alal misali, kashi 95 cikin ɗari jan ƙarfe ne, 4 kuza, 1 tutiya. A wajenmu, kwabo mai huji na Afirka ta Yamma ya koma tagulla ne a 1952, haka anini da ɗari, wato rabin kwabo. Waɗanda suka gabace su farare ne, yawancinsu na garwayen jan ƙarfe da nikal, kuma ba su da matsalar da muke magana a kai. Kwabo da ɗari na Tarayyar Najeriya na 1959, masu huji da tauraro mai tsini shida, tagulla ne. Kwabo ɗaya na 1973 mai hoton rijiyoyin mai da rabin kwabo mai hoton auduga su ma haka, da kwabon Ghana na 1958 mai kan Nkrumah.

Kara maganaɗisu a jikin kowanne. Tagulla ba ta kama maganaɗisu. Idan ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, kamar kwabban Ingila daga 1992. Irin waɗannan ka ware su gefe, domin jiƙa su a ruwa zai sa su yi jar tsatsa daga ciki. Ka sa ɗan ƙyalle tsakanin maganaɗisun da kwabon don kada ya karce shi.

2. Ware waɗanda ba a shafa wa kaki

Wannan mataki shi ne ke ceton kuɗin mutum, kuma shi aka fi tsallakewa. Ba kowane kwabo ke son kaki ba.

Kwabon da bai taɓa yawo a hannun mutane ba, mai sauran jan ƙyallin gidan bugu, kada ka kusance shi da kaki. Wannan ƙyalli yana fitowa ne daga wasu siraran layuka da bugun inji ya bari a fuskar ƙarfe, kaki kuwa yana cike su, gogewa tana kwantar da su, kuma ba sa dawowa. Haka duk kwabon da kake tunanin wata rana za ka tura wa kamfanonin tantance daraja irin su PCGS da NGC a Amurka. Kwabon zamani da suka ga an shafa masa wani abu sukan ɗauke shi a matsayin wanda aka taɓa fuskarsa, su hana shi cikakken maki, farashinsa ya faɗi. Shekara mai wuyar samu ko kwabo mai kuskuren bugu, shi ma ka bar shi yadda yake. Waɗannan duka busasshiyar ajiya ce kariyarsu, ka tsallaka da su kai tsaye zuwa mataki na 9.

Kaki na waɗanda suka riga suka sha duniya ne: kuɗin Rumawa da na Girkawa da aka tono daga ƙasa aka share, kwabban da suka yi shekaru a turɓaya fuskarsu ta yi kaushi, waɗanda aka yi wa jinyar tsatsa aka gama, da kwabbai na yau da kullum da za a riƙa ɗauka ana nuna wa yara ko baƙi. A kasuwar kuɗin da can, siririn kaki abu ne da aka saba da shi, ba a ɗaukarsa aibi matuƙar an faɗa wa mai saye. A nawa ra'ayin, idan kana shakka a kan wani kwabo, ka bar shi ba kaki. Wanda ba a shafa wa yau ba ana iya shafa masa baɗi, wanda aka shafa wa kuwa ba ya komawa daidai yadda yake.

Ɗauki hoton kowane kwabo gaba da baya da wayarka a hasken rana kafin ka taɓa shi da komai. Da wannan hoto za ka riƙa kwatantawa nan gaba.

3. Duba koren: fatar tsufa ce ko cutar tagulla?

Sa safar hannu, riƙe kwabon ta gefensa, ka zauna kusa da taga inda haske ke zuwa a kaikaice. Da madubi ka bi fuskar a hankali, musamman cikin haruffa, da gindin hoto, da bakin huji.

Kore iri biyu ne. Akwai fatar tsufa, wadda shekaru suka gina a hankali. Tana da santsi da tauri, launinta kore mai duhu ko ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, ta manne da ƙarfen kamar tare aka yi su. Idan ka taɓa ta da tsinken sakace ba ta motsi. Wannan ita ce adon kwabo da darajarsa, ita ce kuma garkuwarsa. Ba a cire ta.

Akwai kuma cutar tagulla. Ita launinta kore ne mai haske, wani lokaci da shuɗi-shuɗi, kuma gari ce. Takan fito a ɗigo-ɗigo, ta yi ɗan tudu, idan ka sa bakin tsinke sai ta rugurguje, ka ga rami a ƙarƙashinta. Asalinta gishiri ne, wato kulorayid, da ya shiga ƙarfen daga ƙasa ko daga gumi. Idan ya haɗu da danshi da iska sai ya samar da asid, asid ɗin ya ci jan ƙarfe, cin ya sake samar da irin gishirin nan, haka abin zai yi ta zagayawa har kwabo ya zama rami-rami. Iskar da danshinta ya yi ƙasa da kashi 40 cikin ɗari tana kwantar da ita. Shi ya sa kwabo kan yi lafiya lau duk hunturu, sai watan Agusta ya zo mutum ya ga kore ya tsiro cikin 'yan kwanaki.

Akwai kore na uku mai yauƙi da maiƙo, wanda ake gani a kwabban da suka daɗe cikin albam na leda mai laushi. Wannan daga ledar yake, asiton yana ɗauke shi.

Hattara: duk kwabon da ka ga garin kore a jikinsa, ko ɗigo ɗaya ne, ka keɓe shi a kwalbarsa daban, kuma tsinken da ka taɓa shi da shi ka jefar. Shafa wa irin wannan kaki shi ne babban kuskuren da ake yi a aikin nan gaba ɗaya. Kakin zai sa garin ya yi duhu ya ɓace wa ido, ka ɗauka ka yi magani, bayan wata shida ya ɓullo ta ƙarƙashi da ramin da ya fi na da.

4. Wanke maiƙo da dauɗa

Zuba asiton a kwalbar gilashi daidai yadda zai rufe kwabo ɗaya, ka sa kwabon, ka rufe, ka bar shi minti 5 zuwa 10. Ciro shi, ka tsoma a wata kwalba mai sabon asiton don ɗauraya, ka ajiye a kan farin ƙyalle. Cikin daƙiƙoƙi zai bushe. Asiton ba ya cin ƙarfe ko fatar tsufa, maiƙo da gam da ragowar leda kawai yake narkarwa. Idan dauɗa ta taru a cikin haruffa, ka jiƙa tsinken auduga ka mirgina shi a kai, kada ka dirza, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a audugar ta isa ta ja layi a fuskar kwabo.

Kwabo mai huji yana da nasa sha'ani. Da yawansu an taɓa zura su a zare ko an ɗinka su a jikin kayan ado, don haka bakin hujin cike yake da baƙar dauɗa ta gumi da mai. Murɗa 'yar auduga a bakin tsinke, ka jiƙa da asiton, ka zura ka juya har sai audugar ta fito fari.

Ƙasar da ta daskare ba ta jin asiton. Ita sai a jiƙa kwabon a tataccen ruwa na kwanaki, ana sauya ruwan kullum, ana ɗan taɓa ƙasar da tsinke idan ta yi laushi.

Hattara: asiton yana kama wuta nan take. Yi aikin a waje ko bakin taga, nesa da risho da gas da janareta da mai shan taba. Yana narkar da roba, don haka gilashi kawai. Abin cire jan farce ba zai yi ba ko da an rubuta asiton a jikinsa, saboda yana da mai da turare. Ruwan famfo da na rijiya da na leda duk suna da gishiri ko kulorin. Idan wurin masu batir za ka sayi tataccen ruwa, ka tabbatar ruwan ne ba asid ba, sannan ka ɗiga shi a kan gilashi mai tsabta ka bari ya bushe. Idan ya bar farin tabo, ba tatacce ba ne.

Sai kuma abin da ya fi ɓata tsofaffin kwabbai a gidajenmu: lemon tsami, tsamiya, toka, man goge ƙarfe na Brasso, soson ƙarfe. Duk suna sa kwabo ya yi ja ya yi walƙiya, kuma duk suna ɗebe fatar tsufa tare da wani ɓangare na rubutun. Mai sayen tsohon kuɗi daga nesa yake gane wanda aka yi wa haka, kuma ba ya taya shi da daraja. Garin neman gira ne a rasa ido.

5. Jinyar mai cuta

Idan kwabonka ba shi da garin kore, wuce mataki na 6.

Da tsinken gora da madubi, ka tono garin daga kowane rami har sai ka kai ga abu mai tauri. Aiki ne na haƙuri, kuma allurar ƙarfe ba ta shiga cikinsa. Daga nan sai jiƙo, don a tsotse gishirin daga cikin ƙarfen. Hanya mafi sauƙin haɗari ita ce tataccen ruwa zalla, ana sauyawa kullum, na makonni. Idan cutar ta yi zurfi, masu gyaran kayan tarihi suna amfani da sinadarin sodiyam seskwikabonet, giram 5 a mililita 100 na tataccen ruwa. Ana iya haɗa shi da bekin soda da sodar wanki kusan daidai-wa-daida. Ana barin kwabon a ciki ana sauya ruwan mako-mako, kuma za ka ga ruwan yana yin shuɗi-shuɗi. Bayan an gama sai a ɗauraye da tataccen ruwa sau da yawa.

Hattara: wannan jiƙo yana iya sauya launin fatar tsufa ko ya rage ta, don haka ka riƙa dubawa kullum, ka fara da kwabon da ba ka jin asararsa. Wani zai ce ai kanwa ma dangin wannan sinadari ce. Gaskiya ne, amma kanwar kasuwa tana haɗe da gishiri da ƙasa, gishirin kuwa shi ne ainihin abin da muke ƙoƙarin fitarwa. Kada ka sa ta. Akwai kuma wani sinadari, benzotiriyazol, da gidajen tarihi ke amfani da shi don ɗaure cutar. Ana zarginsa da illa ga lafiya, shi ya sa nake ganin a bar wa ƙwararru masu kayan kariya.

Kwabon da aka yi wa jinya ba a shafa masa kaki nan da nan. Busar da shi, ka ajiye shi a buɗe inda za ka riƙa ganinsa har wata ɗaya ko biyu. Idan garin ya sake tsirowa, ka koma farkon wannan mataki. Sai ya yi shiru tsawon wannan lokaci ne ya cancanci kaki.

6. Busarwa

Kwabon da ya kwana a ruwa yana iya bushewa a ido alhali ramukansa cike suke da laima. Bayan ɗauraya ta ƙarshe, tsoma shi a sabon asiton na minti biyu, zai janye ruwan ya tashi da shi. Sannan ka sa shi a kwalba mai murfi tare da busassun ƙwayoyin silika, da ɗan ƙyalle a tsakaninsu, na kwana uku zuwa mako guda. Wasu suna gasa kwabo a oba da ɗan zafi kaɗan. Yana aiki, amma zafin da ya wuce kima yana baƙanta fatar tsufa, kuma obar gas tana fitar da tururi. Silika ta fi aminci.

Mu da ke arewa muna da sa'a guda a nan. Daga Disamba zuwa Maris iska a bushe take ƙamas, kuma wannan ne lokacin da ya fi dacewa da aikin kaki. Ka tara kwabbanka ka jira shi. Abokin gaba a lokacin ƙura ce, don haka a ɗaki za a yi, an share an rufe taga, an kashe fanka. Idan dole sai da damina, zaɓi ranar da aka yi rana sosai, kuma kwabon ya fito daga kwalbar silika kai tsaye zuwa kaki.

7. Shafa kakin

Shimfiɗa farin ƙyalle ninki biyu a kan tebur. Ɗumama kwabon kaɗan, da na'urar busar da gashi daga nesa ko ka ɗora shi a rana na 'yan mintuna, ya yi ɗumi yadda hannu zai iya riƙewa ba tare da jin zafi ba. Ɗumin yana taimaka wa kakin ya shiga ƙananan ramuka.

Buɗe gwangwani, ka dangwala bakin buroshi ko tsinken auduga sau ɗaya, ka rufe gwangwanin nan take. Abin da kwabo ɗaya ke buƙata gaba da baya bai kai ƙwayar gero ba. Goge rarar a bakin ƙyalle tukuna, sannan ka ɗora a tsakiyar kwabon ka riƙa zagayawa a hankali zuwa gefe. Za ka ga launin ya ɗan yi duhu, ruwan ƙasan ya ƙara zurfi, haruffa sun fito. Idan kana iya ganin kakin da kansa fari-fari a kan ƙarfen, ya yi yawa. Bi cikin haruffa da bakin buroshi, ka gama fuska ɗaya, ka bar ta minti 5 zuwa 10, sannan ka juya. Kada ka manta da gefen kwabon, domin nan ne yatsu suka fi taɓawa, da cikin hujin ga masu huji.

Hattara: da yatsa tsirara ba a shafawa, gumin da ke jikinsa gishiri ne, kuma kai da kanka za ka rufe shi a ƙarƙashin kaki. Safar hannu ta latas tana da farar wuta wadda ke baƙanta jan ƙarfe, shi ya sa na ce ta naitiril. Kada ka hura wa kwabo iska da baki don kore ƙura. Kuɗin Rumawa masu fatar turɓaya, waɗanda jar ƙasa ko farar ƙasa ta cika bayan hoto ta fito da shi, kaki yana baƙanta ƙasar ya kashe kyan, su ma a bar su. Kuma ko yaushe ka fara gwadawa a kwabo mafi arha a cikin tarin.

8. Gogewa

Idan kakin ya dushe, ɗauki buroshi na biyu, busasshe, ka riƙa sharar fuskar da sauƙi ta kowane ɓangare. Shi ke fitar da rarar da ta taru a haruffa. Daga nan ka ɗan taɓa da ƙyalle mai laushi. Abin da ake nema ɗan sheƙi ne mai sanyi, kwabon da ke walƙiya kamar an zuba masa mai an wuce gona da iri. Duba da madubi. Farin abu a lungun harafi kaki ne ya daskare, ka cire shi da tsinke, ko ka ɗan ɗumama ka sake bi da buroshi. Shafi ɗaya ya isa ga yawancin kwabbai. Mai kaushin fuska yana iya karɓar na biyu washegari, siriri kamar na farko.

9. Ajiya

Kakin nan siriri ne ƙwarai, danshi yana ratsa shi a hankali, don haka ma'aji mai kyau ya fi shi aiki. Kowane kwabo a gidansa daban, kada su riƙa gugar juna. A sa shi a kwanson roba mai tauri da aka yi don kuɗi, ko aljihun leda ta foliyesta, ko ambulan ɗin takarda marar tsami. Duka a zuba cikin akwatin roba mai murfi da ke kamawa gam, da silika a ciki. Silika mai sauya launi ta fi, shuɗiya takan koma ruwan hoda idan ta ƙoshi da ruwa, sai a gasa ta a zafin digiri 120 ta dawo. Ɗan ma'aunin danshi mai batir ba shi da tsada, ka sa guda a akwatin ka riƙa neman ƙasa da 40.

Hattara: ledar albam mai laushi mai warin sabon labulen wanka yawanci ta PVC ce, kuma ita ke haifar da koren nan mai yauƙi. Ana gane ta da sauƙi. Ƙona bakin wayar jan ƙarfe a wutar gas har harshen ya daina launi, ka taɓa ledar da ita, ka mayar cikin wuta. Idan harshen ya yi kore, ledar tana da kulorin, ka fitar da kwabbanka daga cikinta. Jakar fata da alabe, duk da kyansu, jima tana cin tagulla. Jarida, da ƙyauron roba, da ulu, da akwatin katakon falawud duk suna fitar da tururin da ke ɓata jan ƙarfe. Ka nisanta akwatin daga kicin da banɗaki da hayaƙin turaren wuta, kuma kada ka jingina shi da bangon da ke tsattsafo da damina.

A jikin kowane gida ka rubuta ranar da aka shafa kaki da sunan kakin. Idan ka tashi sayarwa, ka gaya wa mai saye, haƙƙinsa ne ya sani.

10. Dubawa da cirewa

Buɗe akwatin sau biyu a shekara aƙalla, da faɗuwar ruwan farko da kuma bayan ɗaukewar damina, ka kwatanta kowane kwabo da hotonsa. Wanda ke zaune a ma'aji ba ya buƙatar sabon kaki shekara da shekaru. Wanda ake yawan ɗauka ne kakinsa ke gogewa, shi ma ka cire tsohon kafin ka sa sabo, kada ka yi ta jibga wani a kan wani.

Asiton ba ya narkar da wannan kaki sosai. Wayit sifirit ne ke ɗauke shi: jiƙa kwabon minti 10 zuwa 15 a kwalbar gilashi, ka bi shi da buroshi mai laushi, ka sake tsomawa a sabo, sannan ka ɗauraye da asiton. A fuska mai santsi yana fita tas. A mai ramuka kuwa wani ɓangare yakan maƙale, domin kakin yana da haɗin foliyetilin mai taurin narkewa. Masu gyara sun gamu da wannan a jikin wani kan tagulla na Benin da aka taɓa shafa wa kakin, sai da suka yi amfani da sinadari mai zafi kafin ragowar ta fita. Idan a wurin dubawa ka ga ɗigon kore mai haske ya ɓullo ta ƙarƙashin kaki, kada ka jira hunturu. Keɓe kwabon a ranar, ka cire kakin gaba ɗaya, ka koma da shi mataki na 5.